Matsalolin Ƙafa da Aka Fi Fama da Su da Yadda Za Ka Kula da Su

Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi fiye da 100. Ƙafafunka biyu ke nan suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum, kuma su ne ke ɗaukar nauyinka wuni guda, a gona kake ko a kasuwa ko a ofis.

Yawancin ciwon ƙafa yana tasowa ne daga abubuwa huɗu: takalmin da bai dace ba, nauyi da yawan tsayuwa, bushewar fata, da laimar da ke zama tsakanin yatsu. Irin wannan za ka iya kula da shi a gida. Amma akwai wasu alamomi ƙalilan da ke nuna cutar da za ta iya kai mutum ga rasa ƙafa, ko ma rasa rai, kuma sau da yawa ba su ne suka fi zafi ba. Wannan bayani zai taimaka maka ka bambance su. Idan kana da ciwon suga, ka fara karanta sashen da ya shafi masu ciwon suga kafin ka gwada wata shawara da ke nan.

Karkacewar babban yatsa

Wannan shi ne abin da likitoci ke kira baniyon. Babban yatsan ƙafa yana karkata zuwa wajen sauran yatsu, gaɓar da ke gindinsa kuma ta turo waje kamar ƙullutu. Ƙullutun ba ƙari ba ne, ba kuma sabon ƙashi ne ya tsiro ba. Kan ƙashin da ke bayan yatsan ne ya goce daga mazauninsa. Abin yana zuwa a hankali cikin shekaru, ya fi samun mata, kuma yana bin dangi. Takalmi mai tsukakken baki ko mai tsini yana ƙara shi, amma har waɗanda ba su saba sa irin wannan takalmi ba suna samunsa. Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da amosanin gaɓɓai su ma suna taimaka masa.

Za ka ga wurin ya yi ja ko ya yi kanta saboda gugar takalmi, yana zafi idan ka daɗe a tsaye. Idan ya yi nisa, babban yatsan kan hau kan na kusa da shi ko ya shige ƙarƙashinsa.

Abin da ke kawo sauƙi shi ne takalmi mai faɗin baki da taushi, ɗan matashin da ake liƙawa a kan ƙullutun, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 10 idan ya kumbura, da rage ƙiba ga mai ita. Robar da ake sawa tsakanin yatsu da abin ɗaure yatsa da dare suna iya rage zafi, sai dai ba sa mayar da ƙashi mazauninsa. Tausa da ɗori da man shafawa ma ba sa gyara shi, kuma jan yatsan da ƙarfi yana iya ji wa gaɓar ciwo.

Tiyata ce kaɗai ke miƙar da yatsan. Ana yin ta ne idan zafi ya hana tafiya ko sa takalmi duk da bin matakan da ke sama, ba don kyan gani ba. Bayan aiki mutum kan yi kusan mako 6 da takalmi na musamman, kumburi kan ɗauki watanni kafin ya saɓe, kuma a wasu mutane karkacewar tana dawowa.

Kada ka rikita shi da gawut. Idan gaɓar babban yatsa ta kumbura farat ɗaya, galibi cikin dare, ta yi ja da zafi har ba ka son ko mayafi ya taɓa ta, wannan ya fi kama da gawut. Sinadarin yurik asid ne ke taruwa a cikin gaɓa. Yawan cin jan nama da kayan ciki irin su hanta da ƙoda, barasa, lemon kwalba mai zaƙi, ciwon ƙoda da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna tayar da shi. Yana da magani, amma likita ne zai tabbatar, domin gaɓar da ƙwayoyin cuta suka shiga ita ma haka take farawa, ita kuwa ba ta jira.

Ɗaurewar tsoka

Mutane kan ce jijiya ta ɗaure ko ta riƙe. Gaskiyar abin, tsoka ce ke tsukewa da kanta ta ƙi saki. Ya fi faruwa a sha-raɓa, wato tsokar bayan ƙwauri, da tafin ƙafa da yatsu, kuma ya fi zuwa cikin barci. Yakan ɗauki daga sakan kaɗan zuwa minti 10, wurin kuma ya yi tsami har washegari.

A yawancin mutane ba a gano wani dalili takamaimai. Abubuwan da aka sani suna jawo shi sun haɗa da tsufa, juna biyu musamman watannin ƙarshe, gajiyar tsoka bayan aiki ko wasan ƙwallo, yawan gumi a lokacin zafi, gudawa da amai, ciwon ƙoda, ciwon hanta, ciwon suga, da wasu magunguna irin su masu sa fitsari da masu rage kitse a jini. Idan kana zargin wani magani da kake sha, kada ka daina da kanka; ka gaya wa likitan da ya rubuta maka.

Idan ta kama ka, ka miƙe ƙafar, ka jawo yatsun zuwa wajen gwiwa da hannu ko da tawul, ka riƙe har ta saki. Ko ka tashi tsaye ka taka a kan diddige. Bayan ta saki, ka murza wurin a hankali ko ka gasa da ruwan ɗumi.

Domin rage yawan zuwanta, ka riƙa miƙar da tsokar kafin ka kwanta. Ka fuskanci bango ka dafa shi da hannu biyu, ka mayar da ƙafa ɗaya baya, gwiwarta a miƙe, diddigenta a ƙasa. Ka karkata gaba har ka ji tsokar bayan ƙwauri da agara suna ja, ka riƙe sakan 30. Ka yi sau 3 a kowace ƙafa. Ka sha isasshen ruwa. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa tsakanin buɗa baki da sahur. Wanda ya yi gudawa ko gumi mai yawa ya sha ruwan gishiri da sukari na sacet. Mai ciwon zuciya ko ƙoda da aka ƙayyade masa ruwa ya tsaya a kan abin da likitansa ya ce.

Kada ka sha kwinin don ɗaurewar tsoka. Maganin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma yana iya karya ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ya kuma rikita bugun zuciya. A 2010 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan amfani da shi don wannan matsala. Ke kuma mai juna biyu, ki faɗa wa ma'aikatan awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a gwada magniziyam ko kalsiyam, amma su ne za su faɗa miki adadin.

Akwai abubuwa biyu da suke kama da ɗaurewar tsoka alhali sun fi ta hatsari. Na farko, ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwon da ba ya saki. Wannan yana iya zama gudan jini a cikin jijiya, musamman ga mai jego, mai juna biyu, wanda aka yi wa tiyata, wanda ya daɗe a kwance, ko wanda ya yi doguwar tafiya a zaune. Kada a tausa irin wannan ƙafa, domin gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. A je asibiti a ranar. Na biyu, ciwon da ke kama bayan ƙwauri duk lokacin da ka yi tafiya, ya lafa idan ka tsaya na 'yan mintoci, ya dawo idan ka ci gaba. Wannan alama ce ta tsukewar hanyoyin jini, an fi ganinsa ga masu shan taba da masu ciwon suga ko hawan jini.

Ciwon diddige

Idan takun farko da safe ne ya fi zafi, kamar ka taka ƙusa, sannan ya ragu bayan ka ɗan zagaya, ya kuma dawo bayan ka zauna ka tashi, mafi yawa matsalar tana wata faffaɗar jijiya ce da ta tashi daga diddige zuwa gindin yatsu. Yawan tsayuwa a kan siminti, ƙiba, silifas maras kauri da tsukakkiyar agara suna gajiyar da ita.

Ka yi miƙar tsokar da aka bayyana a sama sau 2 ko 3 a rana. Kafin ka sauko daga gado, ka jawo yatsun ƙafar sama da hannu na sakan 30. Ka murza tafin ƙafa a kan gorar ruwa mai sanyi na minti 10. Ka sa takalmi mai kauri da taushi a diddige, har a cikin gida. Ciwon yana da naci, amma mafi yawan mutane suna warkewa cikin watanni zuwa shekara guda ba tare da tiyata ba. Ɗan tsinin ƙashi da akan gani a hoton diddige sau da yawa ba shi ne ke kawo zafin ba, domin mutane da yawa suna da shi ba sa jin komai. Allurar da ake yi a diddige tana rage zafi na ɗan lokaci, amma yawan maimaita ta yana iya tsinka jijiyar.

Kaushi, faso da kanta

Iskar hunturu tana busar da fata, yawo ba takalmi ko da silifas kuma yana sa ta yi kauri. Idan busasshiyar fata mai kauri ta ɗauki nauyi sai ta tsage. Faso mai zurfi yana zubar da jini, kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Da dare ka jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na minti 10, ka goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ka tsane, ka shafa man kaɗanya ko basilin, ka sa safar auduga ka kwana da ita. Idan kaushin ya yi yawa, ka nemi man shafawa mai yuriya kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a kantin magani. Kada ka shafa mai tsakanin yatsu. Kada ka yanke kaushi da reza, kada kuma ka ɗiga narkakken kyandir ko man birki ko baƙin mai a cikin faso.

Kanta kuwa fata ce da ta yi kauri don kare kanta daga guga. Muddin takalmin da ya kawo ta yana nan, za ta dawo ko an kankare ta. Kantar da ke fitowa a idon sawu ko bayan ƙafa saboda zama a ƙasa ko zaman salla ba cuta ba ce. Shimfiɗa mai taushi da mai sun wadatar.

Cin ruwa tsakanin yatsu

Fata ta yi fari ta jiƙe, tana saɓulewa da ƙaiƙayi, galibi tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Ba ruwan ne ke cin fatar ba; fangas ne, dangin funfuna, wanda ke son wuri mai laima da ɗumi. Ya fi samun masu wuni da takalmi sau-ciki, masu wanki da aikin fadama, da duk wanda ke mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa.

Bayan wanka da bayan kowace alwala, ka tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta. Ka canza safa kullum, ka shanya takalmi a rana, kada ku yi tarayya a tawul. Man clotrimazole ko miconazole ana shafa shi sau 2 a rana har mako 4, terbinafine kuma mako 1 zuwa 2. Ka cika kwanakin ko da ƙaiƙayin ya tafi. Ka guji man shafawar da ake cewa yana maganin komai, wanda aka haɗa da sitiroyid irin su betamethasone ko clobetasol. Yana kwantar da ƙaiƙayi amma yana ba fangas damar yaɗuwa. Idan farce ya yi kauri ya canza launi, man shafawa ba ya isa. Ana buƙatar maganin sha na watanni daga likita.

Farcen da ke shiga nama

Ya fi samun babban yatsa. Dalilinsa yanke farce ƙasa sosai, ƙwaƙule gefensa, ko matsattsen takalmi. Ka yanke farcen ƙafa a miƙe, ka bar kusurwoyinsa a waje. Idan ya fara ciwo, ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri na minti 15, sau 2 ko 3 a rana, ka sa buɗaɗɗen takalmi. Idan ya yi mugunya ko nama ya tsiro a gefensa, ana cire ɓangaren farcen a asibiti da allurar kashe zafi, aiki ne ƙarami. Idan mai yankan farce ne ke yi maka, ka ba shi naka kayan. Almakashi ko askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar cutar hanta nau'in B da C.

Idan kana da ciwon suga

Sugan da ya daɗe yana sama yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, yana kuma rage jinin da ke isa ƙafa. Da farko za ka ji minjirya, ko zugi kamar barkono da dare, ko kamar kana taka auduga. Daga baya ji yana raguwa har ƙusa ta shiga ƙafa ba ka sani ba. Mafi yawan yanke ƙafar da ake yi wa masu ciwon suga daga ƙaramin miki yake farawa, wanda aka raina saboda ba ya zafi. Rashin zafin shi ne haɗarin.

- Ka duba ƙafafunka kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Ka yi amfani da madubi, ko wani a gida ya duba maka.
- Kada ka yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Rairayi da siminti da kwalta suna ƙona ƙafa da rana. Maniyyata su kula da wannan sosai a Makka da Mina da Arfa.
- Ka zazzage takalmi ka shafa cikinsa da hannu kafin ka sa.
- Ka gwada ruwan wanka da gwiwar hannu. Kada ka miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta lokacin sanyi, kada kuma a gasa maka ita da ruwan zafi.
- Kada ka daɗe kana jiƙa ƙafa a ruwa. Kada ka yi amfani da reza ko filastar cire kanta mai asid.
- Mace mai sa lalle ta duba ƙafarta da kyau kafin ta sa da bayan ta cire, domin launinsa yana ɓoye ja da ƙananan raunuka.
- Ka cire takalmi da safa duk lokacin da ka je ganin likita. A gwada maka jin ƙafa da bugun jini aƙalla sau ɗaya a shekara.
- Ka riƙe suganka da hawan jininka, ka bar taba.

Duk wani miki, bororo, faso mai jini ko canjin launi, a nuna wa ma'aikacin lafiya cikin awa 24. Kada a sa toka, ƙasa, ganye ko garin kafso a kai. Wannan shawara ta shafi duk wanda ƙafarsa ta rage ji, har da wanda ya yi fama da kuturta. Masu sikila su ma su kula da kowane ƙwarzane kusa da idon sawu, domin yana saurin zama gyambo mai wuyar warkewa.

Ƙusa da ƙaya

Idan ƙusa ko ƙaya ko kwalba ta soke ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ka rufe da bandeji mai tsabta, ka je a duba ko kana buƙatar allurar tetanus. Ana bayar da ita idan raunin mai zurfi ne ko mai datti kuma allurarka ta ƙarshe ta wuce shekara 5, ko ba ka san ranar da aka yi maka ba.

Manoma da makiyaya su san wata cuta da ake kira maisetoma, wadda ake samu a yankin Sahel, ciki har da Sudan da Chadi da Nijar da arewacin Najeriya. Tana shiga ta sukar ƙaya. Tana farawa da ƙullutu mai tauri maras zafi a ƙafa, yana girma a hankali cikin watanni ko shekaru, daga baya ya huje yana fitar da ruwa da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko farare ko ja kamar tsaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Idan an kama ta da wuri ana magance ta. Idan ta ci ƙashi takan kai ga yanke ƙafa. Takalmi rufaffe a gona da daji shi ne kariya.

Zaɓen takalmi

Ka sayi takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ka gwada duka biyun a tsaye, da safar da za ka riƙa sawa. A sami sarari kamar santimita 1 tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin, kuma yatsu su iya motsi. Kada ka saya da zaton zai buɗe daga baya. Tsinin takalmin yau da kullum kada ya wuce santimita 4 zuwa 5. Mai tsayi a bar shi don biki. Yara kuma a riƙa duba takalminsu duk bayan 'yan watanni, domin ƙafarsu tana girma ba tare da sun yi ƙorafi ba.

Maganin rage zafi

Farasitamol shi ne na farko. Babban mutum kada ya wuce giram 1 a lokaci guda, ko giram 4 a awa 24. Ibuprofen da diclofenac suna rage kumburi, amma ba su dace da mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko ciwon zuciya ba, haka mai juna biyu, sai da izinin likita. Kada a haɗa biyu daga cikinsu, kada kuma a sayi haɗin ƙwayoyi da ba a san sunayensu ba. Maganin zafi ba ya gyara abin da ya kawo ciwon.

Yaushe za ka je asibiti?

Ka je nan take, ko da dare ne, idan:
- ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe ko ta yi shuɗi, tana tsananin ciwo ko ta daina ji;
- yatsa ya yi baƙi, ko miki yana wari;
- ja da kumburi suna hawa sama, ga zazzaɓi;
- ƙafa ɗaya ta kumbura, musamman idan akwai ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi;
- ba ka iya taka ƙafar bayan faɗuwa ko bugewa, ko siffarta ta canza.

Ka nemi ganin likita cikin 'yan kwanaki idan ciwo ya wuce mako 2 duk da kulawar gida, ɗaurewar tsoka tana hana ka barci ko tana zuwa da raunin ƙafa, kana jin minjirya ko zugi a ƙafafu biyu, ƙafafu biyu suna kumbura, ko akwai ƙullutu ko baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da ke girma. Ka tafi da takalmin da ka fi sawa da duk magungunan da kake sha, na asibiti da na gargajiya. Suna taimaka wa likita ya gano inda matsalar ta samo asali.